Launi, haske da tarkace: shawarwari ga mai koyon zane

An tattauna yadda mai koyon zane zai yi aiki da launi, haske da tarkace. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce ɗalibi ya fara da launuka kaɗan. Ja, shuɗi, rawaya da fari sun wadatar, ya riƙa haɗa sauran da kansa. Ta haka zai gane cewa ja kusa da kore ƙara armashi yake yi, amma in an cakuɗa su sai su koma ruwan ƙasa.

Haske aka fi daɗewa a kansa, kuma a ganina ya cancanta. A ajiye abu ɗaya a bakin taga, a zana shi da safe, da tsakar rana, da kuma yamma. Inuwa ba baƙa ƙirin ba ce. Hasken yamma yakan sa ta karkata zuwa shuɗi. Monet ma, mai zane ɗan Faransa, ya zana majami'ar Rouen ta Faransa sau kusan 30, yana bin sauyin haske.

Kan tarkace kuwa, wato abubuwan da aka yar da ake tsintowa a haɗa aikin fasaha da su, an sha bamban. Wasu sun ce a tsinci komai, wasu sun ce sai abin da siffarsa ta ja ido, kamar yadda Picasso, mai zane ɗan Sifaniya, ya haɗa sirdin keke da kan keke ya yi siffar kan bijimi a 1942. Inda aka haɗu shi ne a wanke abin da aka tsinto, a sa safar hannu saboda tsatsa da fasasshen gilashi.