Kekunan haya na unguwa: ku ba mu shawara

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙungiyarmu ta matasa a unguwar Bakaro, cikin garin Bauchi, ta tara ɗan kuɗi, muna so mu sayi kekuna goma mu ajiye, mai buƙata ya ɗauka ya biya kaɗan ya dawo da shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin acaba ke cinye rabin abin da lebura ya samo. Wane irin keke za mu saya, kuma yaya za mu tsare su?

Malam Isa Mai Faci: Wa'alaikumussalam. Kada ku ruɗu da masu giya da yawa ɗin nan na gwanjo. Kyau gare su a ido, amma ranar da giyar ta lalace sai a zaga kasuwar Wunti ba a samu kayanta ba. Ku nemi Phoenix ko Raleigh irin na da, mai kariyar ɗora kaya a baya. Sarƙa, birki, tub, duk akwai su a kasuwa, yaron shago ma zai gyara. Sannan ku ware kuɗin faci tun ranar farko, don ƙusa da ƙaya ba sa jiran a tara riba.

Maman Hanifa: Malam Isa ya yi gaskiya a maganar kariya. Ƙanena buhun kayan miya yake ɗaukowa daga kasuwar Muda Lawal kullum da asuba, kuɗin dako kaɗai ya isa cefanen rana. Roƙona shi ne ku sa ƙananan kekuna biyu ko uku saboda 'yan makaranta. Uwa mai yara huɗu ta san abin da kuɗin Napep na zuwa da dawowa yake yi mata.

Sista Rabi: Ni a asibiti nake aiki, ina murna da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ke tuƙa keke minti 15 zuwa aiki, 15 dawowa, kwana biyar, ya cika ba tare da ya biya kowa ba. Yana taimakawa wajen hawan jini da ciwon suga, kuma gwiwa ba ta wahala kamar a gudu. Amma dattijon da ke shan maganin hawan jini ya fara aunawa, ya soma a hankali. A zafin Maris da Afrilu kuma kada a tuƙa da tsakar rana babu ruwa a hannu.

Alhaji Garba: Yaran nan, sata fa? A Amsterdam an gwada ajiye fararen kekuna kyauta a 1965, abin bai daɗe ba. Balle nan.

Baban Walid: Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji, shi ne ya hana mu barci. Wasu sun ce a yi manhaja a waya kamar na Turai.

Alhaji Garba: Wanda kuke so ku taimaka ƙaramar waya gare shi. Muna yara akwai masu hayar keke a bakin kasuwa, littafi kawai gare su, kuma sun san uban kowa. Ku yi haka. Duk mai ɗauka ya kawo wanda zai tsaya masa, mai unguwa ya sani, a shafa wa kekunan fenti iri ɗaya mai ɗaukar ido da lamba a jiki, yadda ko a Yelwa aka gan shi za a gane.

Malam Isa Mai Faci: Ku ajiye su a rumfata in kun yarda. Kowanne ya dawo zan taɓa birki da iska kafin ya sake fita. Amma ban yarda yaro ya hau titin Jos da magariba babu fitila ba, manyan motoci ba sa ganin mai keke.

Maman Hanifa: A yi wa 'yan makaranta biyan wata, Baban Walid, kada a ce kullum sai sun zo da canji.

Baban Walid: Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Isa, Asabar bayan La'asar za mu zo da ma'ajinmu ka raka mu taya farashi.