Ƴaƴa biyar, Hajiya kuma ta fara ƙirga watanni

Maman Sadik: Salamu alaikum ƴan uwa, a taimaka mini da shawara. Ina Fadamar Mada a Bauchi, ƴaƴana biyar, autan bai cika shekara biyu ba. Maigida shago gare shi a Wunti. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Napep ya gagare mu, yara biyu muka mayar makarantar gwamnati. Keken ɗinkina na kuɗin adashi, wanda ƙanwata ta ara wata takwas ta dawo da shi ba bel, yana bayan ƙofa an jera masa kwanuka. Jiya Hajiyar maigida ta kalli cikina ta ce "shiru dai?" In je a sa mini ashana, wato maganin tazarar haihuwa da ake sawa a dantse, ko in haƙura?

Baban Ilham: Hajiya ki je gobe. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a matsakaici macen Bauchi tana haihuwar ƴaƴa 7.2, ta Legas 3.4. A ƙauye yaro hannu ne a gona, a birni kuɗin makaranta ne. Duk inda mata suka yi karatu suka samu sana'a, haihuwa raguwa take.

Ummu Hafsa: Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ni da nake shekara tara ko ɓari ban yi ba, dangin miji sun mayar da ni mujiya.

Anti Larai: Maigidan ya sani? Ni a ɓoye na yi allurar wata uku, da ya ga katin, wata biyu ina gidanmu.

Baban Ilham: Ummu Hafsa, tazara ce ba ƙayyadewa ba, sahabbai ma sun yi azalu.

Sani Yelwa: Malam, Koriya ta Kudu fa? Haihuwar mace 0.72 a 2023, ga arziki ba ƴaƴa. China ma da ta ce a haifi ɗa ɗaya, a 2021 ta koma uku. Mu wutar ɗinki ma babu.

Baban Ilham: Bauchi ta kai can tukuna.

Maman Sadik: Ni ban ce talauci nake tsoro ba fa. Kuma ba a yi wa maigida irin wannan maganar in ciniki bai yi ba, ku ba ku san shi ba.

Anti Larai: To yaushe cinikin zai yi?

Maman Sadik: Sai dai bayan salla. Wai ashanar nan da gaske tana sa ƙiba?