Neman shawara: yaya zan rubuta gwajin Jest ya karantu kamar ƙa'idar aiki?

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ɓangaren manhaja na JavaScript da ke kulle asusu idan an yi kuskuren kalmar sirri sau 3, sai ya buɗe bayan minti 15. Da Jest, wato kayan aikin gwada kod na JavaScript, aka rubuta gwaje-gwajensa, amma sunayensu `test1`, `test2` ne, in ɗaya ya faɗi sai an buɗe fayil kafin a gane abin da ya lalace. Ga kuma wani gwaji da yake wucewa in an gudanar da shi shi kaɗai, amma ya faɗi in an haɗa shi da sauran. Ina so in mayar da su salon `describe` da `it`. Ta ina zan fara?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam. Kada ka fara da kod, Malam. Fara rubuta ƙa'idojin a jimloli, kamar kana yi wa wanda bai san shirye-shiryen kwamfuta ba bayani. Tushen salon ke nan tun rubutun da masanin manhaja Dan North ya yi a 2006: sunan gwaji ya zama jimla mai faɗin halin manhaja. Sauran kayan gwaji irin su RSpec da Jasmine da Mocha duk haka suke tafiya. Jest yana da `it.todo`, mai ajiye sunan gwajin da ba a rubuta ba tukuna, domin wannan:

```
describe('kulle asusu', () => {
  describe('in an yi kuskure sau 3', () => {
    it.todo('yana ƙin kalmar sirri ko da daidai ce');
    it.todo('yana buɗewa bayan minti 15');
  });
  describe('in kuskure bai kai 3 ba', () => {
    it.todo('yana mayar da ƙidaya sifili in an shiga daidai');
  });
});
```

`describe` na waje sunan abin ne, na ciki yanayin da ake ciki, `it` kuma abin da zai faru. Gudanar da shi da `--verbose`, ka karanta abin da ya fito daga sama har ƙasa. Jimlar da ba ta ba da ma'ana ba, gyara ta kafin ka cika ta.

Amsa ta 2

Wanda ke faɗuwa a cikin taro, kusan kullum asusu ɗaya yake rabawa da sauran. Duba ko an ƙirƙiri asusun kai tsaye a cikin `describe`. Jest yana bin duk `describe` na fayil tukuna yana tattara gwaje-gwaje, sannan ya fara gudanar da su. Ke nan sau ɗaya aka ƙirƙiri asusun, gwajin farko ya kulle shi, na biyu ya tarar da shi a kulle. Ka rubuta `let asusu;` a sama, ka ƙirƙire shi sabo a cikin `beforeEach`, wanda ke gudana kafin kowane gwaji. In kana amfani da `jest.fn()`, wato aikin bogi mai ajiye tarihin kiran da aka yi masa, sa `clearMocks: true` a saitin Jest, domin tarihin kiran da aka yi a gwajin baya kada ya biyo na gaba. Kuma kada `describe` ya wuce hawa biyu ko uku, in ba haka ba mai karatu zai yi ta hawa da sauka yana neman wane `beforeEach` ne ya shirya me.

Amsa ta 3

Gyara ɗaya ga mai amsar farko, da girmamawa. Jimlar "yana mayar da ƙidaya sifili" tana leƙen cikin kod ne. Ranar da aka sauya yadda ake ƙidayar, gwajin zai faɗi alhali babu abin da ya lalace. Gara a ce "yana ba da sabuwar dama 3 bayan an shiga daidai": a yi kuskure 2, a shiga daidai, a sake kuskure 2, a tabbatar asusun a buɗe yake.

Batun minti 15, kada ka jira agogo na gaske, Jest yana yanke gwaji bayan daƙiƙa 5. Sa `jest.useFakeTimers()`, ka tura lokaci da `jest.advanceTimersByTime(15 * 60 * 1000)`, ka mayar da `jest.useRealTimers()` a `afterEach`. Daga Jest 27 agogon bogin yana tura `Date` ma. Gwada bakin iyaka biyu: minti 14 da daƙiƙa 59 a kulle, minti 15 cif a buɗe. A nan ake kama wanda ya rubuta `>` a maimakon `>=`.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gwajin da ke wucewa a banza. In aikin shiga asusun, mu kira shi `shiga`, yana dawo da `Promise`, wato amsar da za ta zo daga baya, rubuta `await expect(shiga(asusu, kalma)).rejects.toThrow()`. In ka manta `await`, gwajin zai ƙare kafin amsa ta zo. Saboda haka duk gwajin da ka rubuta, ka ɓata kod ɗin da gangan, ka mayar da 3 ɗin nan 4, ka ga ya yi ja da idonka, sannan ka gyara.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. To dole ne kowane `it` ya ɗauki `expect` ɗaya tak?

Amsa ta 4

Ba dole ba ne, ɗan uwa. Hali ɗaya ake nufi. In kana tabbatar da an ƙi shiga kuma saƙon ya ambaci kulle, `expect` biyu ba laifi. Amma in sunan gwajin ya fara ɗaukar "kuma" sau biyu, raba shi. Ka kuma kula wajen kwatanta abu da abu: `toBe` yana duba ko abu ɗaya ne tak, `toEqual` yana duba abin da ke cikinsu. Kafin ka tura aikin, bincika ko ka bar `it.only` a wani fayil, domin zai sa a tsallake sauran gwaje-gwajen fayil ɗin.