Alƙaryar fim ta Kofa: an cuci Kano ko an cece ta?

Baban Khalifa: Ni har gobe ina kan bakana. Soke alƙaryar fim da gwamnatin Buhari ta so ginawa a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, a 2016, Kano aka cuta. Naira biliyan uku fa! Masaƙun Bompai da Sharaɗa sun durƙushe, an kawo abin da zai kwashi matasa, muka yi fatali da shi.

Malam na Gwale: Baban Khalifa, ba sana'a malamai suka yaƙa ba. Wa aka yi shawara da shi? Jama'a na kukan ruwan sha da asibiti, sai a ce ga filin rawa? Tarbiyyar 'ya'yanmu ba ta sayarwa ba ce.

Maman Iman: Allah gafarta Malam, rawar kawai kuke hange. Ni tela ce. Jaruma ta sa ɗinki a fim, kafin sati amare sun cika shagona da hotonsa a waya, yadin kuma a Kantin Kwari za a yanko. Ga mai kwalliya, mai abincin lokeshan, direba, mai hayar gida. Duk a tukunyar suke ci.

Ɗan Zoo Road: Hajiya, gaskiyarki, amma ni da nake aikin editin fim ina ce muku gini ba zai cece mu ba. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta buɗe wannan kasuwa, ba da kuɗin gwamnati aka tashi ba. Dillalan kaset na Bata da Ƙofar Wambai ne suka riƙe ta. Da CD ya mutu, masu tura fim a waya da fassarar Indiya suka ƙarasa mu. Yau sai YouTube da Arewa24, kuma abin da YouTube ke biya kan mai kallo a Najeriya bai taka kara ya karya ba. A kama ɓarayin fasaha tukuna.

Baban Khalifa: To da akwai makarantar koyon aikin a Kofa, ai da ba haka ba.

Ɗan Zoo Road: Ka koyar da mutum dubu, wa zai sayi abin da suka yi?

Ɗan Maraɗi: Mu mana! Daga Maraɗi har Damagaram ku muke kallo. Amma ku tuna takurar hukumar tace fina-finai bayan 2007: furodusoshi suka kwashe kayansu suka yi Kaduna, masu otal da masu abincin can suka ci kuɗin.

Malam na Gwale: Wannan takurar ai ba haka kawai ta faɗo daga sama ba, kowa ya san bidiyon batsa na wata jarumar fim da saurayinta da ya yaɗu ne ya jawo ta.

Maman Iman: Laifin mutum biyu ne, Malam. Teloli nawa suka biya?