Wane irin banɗaki zan sa a ƙaramin jirgin ruwa, ga mai tsarki da buta?

Bakatsinen Birmingham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi siririn jirgin nan na kanal, tsohon hannu, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, babu banɗaki a ciki. Ni da mai ɗakina za mu riƙa kwana a ciki ƙarshen mako. Zaɓi uku na gani: mai kaset da ake cirewa a je a juye, mai babban tanki da inji ke zuƙewa, da busasshe mai raba fitsari da bayan gida. Maƙwabtana na kan ruwa duk suna yaba busasshen, amma su takarda suke amfani da ita, mu kuwa sai da ruwa. Wanne zai ɗauke mu?

Malam Na-Tsibiri:
Wa alaikumus salam. Alhaji, cire busasshen daga lissafi tun yanzu. Aikinsa ya dogara ne da kada ruwa ya taɓa ɓangaren da ake barbaɗa garin katako. Buta ɗaya ta shiga, ya jiƙe, wari ya tashi, ƙudaje su zo. Kuma tun 2021 Canal & River Trust (hukumar da ke kula da kanal a Ingila da Wales) suka ce a daina jefa abin da ke cikin busasshen a kwandunan shararsu. Wanda ba shi da lambun da zai tara shi ya ruɓe, ina zai kai?

Ni mai kaset nake da shi. Amma ka yi lissafin ruwa da kyau: banɗakin Porta Potti 365 na kamfanin Thetford lita 21 yake ɗauka, kuma kowace shiga da buta lita guda ce ko fiye. Ku biyu, ba zai wuce kwana biyu ba. Idan ya cika nauyinsa ya haura kilo 20, da shi za ka hau tudun bakin ruwa. Ka sayi tankin kaset na biyu, kada ka bari na farko ya cika maƙil. Juyewa a wuraren Elsan na hukumar, wato wuraren juye kaset, ba a biya idan kana da lasisin jirgi, mabuɗinsu kawai za ka riƙe.

Hajiyar Coventry:
Malam, ni ban bi ka ba. Wa zai riƙa jigilar najasa da hannu duk bayan kwana biyu, tana fantsalo masa a tufafin salla? Babban tanki muka sa a ƙarƙashin gado, sai mu yi makonni kafin mu je a zuƙe. Ana biya, amma hankalina kwance. Ɗan uwa, ka tambayi matarka kafin ka yanke. In ka zaɓi tanki, bututun shan iska ya zama mai faɗi, don rashin iska ne ke kawo warin nan. Tiyo kuma ka sayi wanda aka yi musamman don wannan aiki, mai arha yana tsotse wari.

Malam Na-Tsibiri:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai ranar da kanal ya daskare da hunturu jirgi ba ya motsi, tanki cike, zubawa a ruwa kuma haramun ne a doka. Kaset ko a amalanke ka kai shi.

Bakatsinen Birmingham:
Na gode, Allah ya saka. Na auna ƙarƙashin gadon, tanki ba zai shiga ba sai an yanke katako. Zan fara da kaset biyu. Malam, maganin kashe wari shuɗi kake zubawa a kaset ɗin ko kore?