ETF ko asusun haɗaka: wai gaskiya ne ETF ya fi ko da yaushe?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Ni dai maganata ɗaya ce, duk mai son zuba kuɗɗi a kasuwar hannun jari ya bar asusun haɗaka ya kama ETF, wato asusun da ake saye da sayar da kasonsa a kasuwa kamar hannun jari, ko da yaushe ETF ya fi. Asusun haɗaka ka miƙa kuɗɗinka ga kamfani, manaja ya zauna ofis shina zaɓar hannayen jari, riba ko asara sai ya cire ladarshi duk shekara. Ku lissafa, in miliyan 1 ka sa kuma ana cire kashi 2 cikin 100, naira 20,000 ke nan kowace shekara. ETF kuwa galibi ma'auni kawai yake bi, wato jerin kamfanonin da anka riga anka tsara, kamar Vetiva Griffin 30 da ke bin manyan kamfanoni 30 na NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, babu wani zaɓe-zaɓe don haka cajin ya fi sauƙi. A Amurka tun 1993 da anka buɗe wani ETF mai suna SPY mutane ke ta komawa ETF.

Malama 'yar Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan "ko da yaushe" ɗin ne ban yarda da shi ba. Ni albashi nake ɗauka, ƙarshen wata in cire ɗan abin da ya sawwaƙa in tura asusun haɗaka ta manhaja, wasu da 5,000 ma ana farawa, ba ruwana da duba farashi. Naka sai na nemi dillalin hannun jari, a buɗe min asusun CSCS inda ake ajiye hannayen jari, in saya a cire la'ada in sayar a sake cirewa, mai sa ƙananan kuɗi wata-wata ai la'adar nan ce za ta cinye rangwamen da kake magana.

Ɗan Mabera:
Anti yanzu dillalan ma duk a waya suke, da BVN ɗinki an gama. Kuma ETF kina ganin farashi na motsi muddin kasuwa na buɗe, ki sayar lokacin da kika so. Asusun haɗaka farashi ɗaya ake yankewa a rana, kuma sai kin jira kamfani ya turo kuɗin.

Ɗan Gawon Nama:
Nan ne fa gizo ke saƙar. Ka ce ta sayar lokacin da ta so, to wa za ta sayar wa? Na daɗe ina bin allon NGX, ETF ɗinmu 'yan kaɗan ne kuma akwai ranakun da wasunsu cinikin da ake yi bai taka kara ya karya ba. A Amurka masu saye da sayarwa sun yi yawa shi ya sa farashin ETF ke manne da darajar kayan da ke cikinsa, nan ko sai ka ga an bar darajar nesa, ko ka saya da tsada ko ranar da buƙata ta taso ka sa a kasuwa ba mai taya, kamar ka kai rago Kara bayan layya ta wuce, ragon lafiyayye ne amma sai yadda mai saye ya ga dama. Asusun haɗaka kuwa kamfanin da kansa ke karɓar kasonka ya biya ka a kan darajar ranar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda rashin lafiya ko kuɗin makaranta ka iya taso masa.

Baba Alhaji na Kanwuri:
Ku yara kuna ta gardama, ni abin da nig gani da idona nika hwaɗi. 2008 munka sa kuɗɗi, ma'aunin kasuwa ya wuce 66,000 watan Maris, kahin a ankara shekarar da ta biyo ya sauko wajen 20,000. Wanda yas sayi hannun jari da kainai ya sha kashi, wanda yab ba manaja shi ma ya sha. In kasuwa ta hwaɗi dut tare aka hwaɗuwa, kuma NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, ba ta biyan kowa ko kwabo, ajiyar banki kawai taka karewa. Kar a ruɗi mutane.

Ɗan Mabera:
Allah shi ƙara girma Baba, ai maganata kake ƙarfafawa. In dai tare za a faɗi, don mi zan biya manaja lada mai yawa?

Malama 'yar Arkilla:
Don ba duk asusun haɗaka ne na hannun jari ba. Mafi yawan kuɗin da ke cikinsu a Najeriya suna asusun kasuwar kuɗi ne, waɗanda ke sayen takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, su ba sa irin wannan faɗuwar.

Malam na Runjin Sambo:
To Malama a nan zan shigo, don abin da ya fi damuna tun ɗazu ba wanda ya taɓo shi. Waɗannan takardun bashin da ruwa suke biya, riba ce wadda shari'a ta hana, sunan asusun bai canza hukuncinta. Haka shi ma ETF mai bin kamfanoni 30, ciki akwai bankunan ruwa, akwai kamfanin giya, ko da kuwa BUA Cement da muke gani a Kalambaina na cikin jerin. Kafin ka tambayi nawa ake cirewa, tambayi mi ke ciki. Kuma alhamdu lillahi ƙofa a buɗe take ta ɓangarorin biyu. Lotus Capital na da asusun haɗaka na halal tun 2008, suna kuma da Lotus Halal Equity ETF da aka sa a kasuwa 2014, yana bin ma'aunin da ya tace bankunan ruwa da giya da caca da taba. Stanbic IBTC na da Imaan Fund. Akwai kuma asusun da ke sayen sukuk, takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, shi haya ake biya. Sannan kar a manta zakka in dukiya ta kai nisabi shekara ta zagayo, hukumar zakka da waƙafi ta jiha na sanar da nisabin.

Malama 'yar Arkilla:
Allah ya saka Malam, nawa na sukuk ne dama, saboda wannan dalilin na zaɓe shi.

Ɗan Gawon Nama:
Kuma ku lura da abin da Malam ya kawo, na sukuk ɗin nan ta asusun haɗaka ake samunsu da sauƙi. Mai gudun kuɗin ruwa da ba ya son hawa da saukar hannun jari in ka ce masa ETF kawai, ka rufe masa hanya. Inda zan ba Ɗan Mabera gaskiya shi ne zinari, NewGold da aka kawo kasuwarmu 2011, shi ne ETF na farko a ƙasar nan, yana bin farashin zinari, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, mai zinari bai ji jiki kamar mai ajiyar naira ba.

Malam na Runjin Sambo:
Zinari yana da nashi sharaɗin na hannu da hannu, a tambayi malamai masana harkar kafin a shiga.

Baba Alhaji na Kanwuri:
Kowane kunka zaɓa ku duba sunan kamfanin ga rajistar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar jari. MMM ta ci mutane 2016, CBEX ta sake ci 2025, dut da sunan zuba jari sunka zo.

Ɗan Mabera:
Ni har yanzu ina kan bakana ga wanda zai ajiye shekara 10 ko fi bai taɓa ba, ƙarancin masu saye bai dame shi sosai ba, cajin shekara-shekara ne ke cin shi.

Ɗan Gawon Nama:
Ko shi ranar fita na nan tafe, kuma in ya saya sama da darajar kayan tun farko ya riga ya biya abin da yake gudu. Ka ɗauko mana takardar bayanin ETF ɗin Lotus da ta asusunsu na halal, mu ga cajin kowanne a rubuce, sannan ka duba cinikin da aka yi na ETF ɗin a satin nan ka turo mana.

Ɗan Mabera:
To, bayan la'asar in sha Allahu zan turo duka.