Wane kayan aiki zan tanada in canza fad ɗin birkin gaba da kaina?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana mota ku taimaka min. Inada Corolla 2006, kwana biyun nan in na taka birki sai naji ƙiii daga tayar gaba, na leƙa ta jikin wil naga fad ɗin ya cinye saura ƙiris. Wancan karon da na kai gareji yaron da aka ba aikin sukundireba ya sa ya ɓamɓari fiston, ƙarfen nan da ke tura fad, da ƙarfin tsiya har ya yaga robar, ba a jima ba man birki ya fara yoyo, shiyasa wannan karon nakeso nayi da hannuna. Fad kam na riga na siyo a Ƙofar Ruwa. Jak da wil sifana na mota kawai gareni, me zan ƙara?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana aikin bashi da wuya in ka nutsu. Notin taya milimita 21 ne, wil sifanarka ta isa, amma ka sassauta su tun taya na ƙasa kafin ka ɗaga. Sai soket ko sifana mai zobe 14, da ita zaka kwance notina biyun da suka riƙe kalifa ta baya, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birki. Ka nemi 17 ka ajiye kusa, ita sai in zaka cire faifan birkin ne gaba ɗaya.
Maganar fiston kuwa, G-kilam zaka samu, irin wanda kafintoci ke matse katako dashi. Ka ɗora tsohon fad a fuskar fiston ɗin sannan ka riƙa ɗaurewa a hankali har ya koma ciki. Kafin nan ka buɗe bonet ka cire murfin kofin man birki kana dubawa, don man zai taso, in ya zuba a jikin fenti cinye shi yake yi. Kuma kar ka bar kalifa tana reto a jikin tiyo, ka samu waya ka rataye ta a sifirin.

Direban Hanya:
Yallabai duk abinda Baba ya faɗa haka ne amma ni jak ɗin nan ne ya tsaya min a rai. Wlh kar ka yarda dashi shi kaɗai. Da idona naga mota ta zame daga kan jak a wajen da ke da rairayi, mutumin ya janye hannu kenan sai jin tim mukayi, faifan ya nutse a ƙasa, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ka siyi jak stan, wato ƙafar ƙarfe da ake tokare mota da ita bayan an ɗaga, ko ka ara, in babu ka samu katako mai kauri, banda bulo don bulo fashewa yake ba sallama. Kayi a kan siminti, ka ja hambirek, ka sa dutse a tayar baya, tayar da ka cire ma ka tura ta ƙarƙashin motar.

Ɗan Panteka:
Ƙari kaɗan malam. Buroshin ƙarfe don kankare tsatsa inda fad ke zama, da giris na silikon don fin biyun da kalifa ke zamewa a kai. Giris na yau da kullum kumbura robar yake sai fin ya maƙale, fad ɗaya ya riƙa cinyewa ya bar ɗaya. Kar ya taɓa fuskar fad ko faifai. Ƙurar kuma kar ka hura da baki. Hagu da dama tare ake canzawa, kayi gefe ɗaya ka gama don in ka rikice ka leƙa ɗayan.

Mai Corolla:
Allah ya saka da alheri. Na samu kilam wajen kafintan layinmu, jak stan ma wani maƙoci zai ara min. Asabar da safe zanyi in sha Allah. Baba akwai abinda zan kula dashi in na gama?

Tsohon Bakanike:
Akwai kuwa. Kafin ka sa giya ka taka birki sau da yawa har kaji yayi tauri, takun farko ƙasa zai tafi fayau tunda ka mayar da fiston baya. Ka duba man, in ya ragu man birki mai lamba DOT 3 zaka ƙara. Ka shafa faifan da farce, in kaji kwari masu zurfi a jikinsa ka ɗauko hoto ka turo mu gani kafin ka ɗaura sabon fad.